Bangon Sakaina

Tun da na dawo kun hana ni sakat. Hajara ta tare ni a bakin famfo, Mairo ta biyo ni har ɗakin kwana, kowacce da tata tambayar: yaya garin, me kika ci, da gaske mata ne ke noma, ina kuma aikin yaran da Baturiya ta ce kowa ta kawo? To, na gaji da ba da labari gutsure-gutsure. Ga shi na zauna na rubuta gaba ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, a bar ni in sha iska. Amsar tambayar ƙarshe kuwa ita ce ban kawo komai ba, in kun yi haƙuri za ku ji dalili.

Saboda waɗanda ba ajinmu ɗaya ba, bari in fara daga tushe. A wannan zangon malamarmu ta zane, Baturiyar nan mai tabarau, ta nuna mana wani littafi cike da zanen da bai yi kama da komai ba. Ba mutum, ba doki, ba bishiya. Layuka ne kawai da da'ira da masu kusurwa uku, launi a kan launi. Ta ce akwai abin da zuciya ke ji wanda ba shi da siffa, shi masu irin wannan zanen suke bi. Sannan ta ce kowacce ta je wata firamare ta yi mako biyu, ta koya wa yara su yanka takarda mai launi su shirya nasu, ta kawo mata ta gani. Ku duk kuka zaɓi makarantun da ke bayan gidajenku a nan Zariya. Ni da ba na jin magana sai na tuna da Rifkatu.

Rifkatu ƙawata ce tun muna makarantar horon malamai, gadonta a sama nawa a ƙasa. Ita Kirista ce, amma ita ke tashe ni sahur, don ni in na kwanta sai a ɗauke ni da gadon ban sani ba. Ita ce mace ta farko da ta taɓa koyarwa a makarantar ƙauyensu, can bayan Madakiya. Ta sha fama kafin a tura ta can, kuma ta nace ne saboda kakarta, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Idanun tsohuwar sun kusa tafiya, ba ta da mai kula da ita sai Rifkatu. A wasiƙar da ta amsa mini ta ce in zo, tana murna, amma in sani dattawan ikilisiyarsu ba su gama yarda da malama mace ba, ido suke zuba mata. Takarda ɗaya daga gare su zuwa ofishin ilimi na Kafanchan ta isa a ɗauke ta a jefa ta wani gari. Na karanta wannan da idona, amma wallahi ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Na shiga jirgin ƙasa da akwatin kayana da wani kwali da na cika da takardu ja da shuɗi da rawaya da kore, ga almakashi shida, ga littafin Baturiya da na aro da rantsuwa. Daga Kaduna jirgin ya karkata kudu, ƙasa ta fara canjawa. Kore ya yi ta ƙaruwa har ya zama ba ka ganin ƙasar kanta, duwatsu suna fitowa daga cikin gajimare suna komawa. Rugugin ƙafafun jirgi ya sa na yi ta gyangyaɗi, in na buɗe ido in ga dutse, in na rufe in ga zanen cikin littafin, har na daina rarrabe wanne ne mafarki.

Kusa da ni wata mata ce 'yar ƙabilar Ibo, mai jiki, da Hausa a bakinta kamar ta Bakatsiniya. A Kafanchan aka haife ta, yaƙi ya kore su, yanzu take komawa ta ga ko gidan mahaifinta na nan. Ta ba ni dafaffiyar gyaɗa, ta ce, "'Yata, wane littafi ne kike ta rungumewa kamar jariri?"

Na buɗe mata, na shiga yi mata bayani irin na Baturiya, ina ta fankama. Ta karɓa, ta juya shi sama a ƙasa, ta sake juyawa, ta ce, "Af, ai atamfa ce. Wannan in an buga shi zai yi kasuwa, wannan kuwa ko kyauta ba mai ɗaurawa." Na ji haushi, don wanda ta raina shi ne Baturiya ta fi yabo. Amma har muka isa Zonkwa, inda mata ke miƙo rake da ayaba ta taga, ina satar kallon shafin, ina ganin kamar da gaskiyarta.

Rifkatu na jirana a tashar Kafanchan, ta rame kaɗan, dariyarta dai na nan. Muka rungume juna muna ihu, mutane na kallo. Kafanchan garin jirgi ne, ko'ina ƙamshin gawayi da ƙarar ƙarfe, kuma a taƙi ɗaya sai ka ji yare huɗu. A gidan gwaggonta muka sauka, a layin ma'aikatan jirgi. Nan na fara ganin wata al'ada da ta kashe mini jiki. An kama kaza don ni, amma ba wanda ya taɓa ta da wuƙa. Sai da aka aika aka kira wani mahauci Bahaushe daga bakin kasuwa ya yanka, don kada baƙuwa ta ci da ƙyanƙyami. Ban roƙa ba, ban ma san an yi ba sai da na ga mutumin yana wanke hannu.

Da safe muka hau a-kori-kura mai zuwa wajen Madakiya, mu da buhunan gishiri da wata akuya da ta ƙulla ƙawance da gefen mayafina. Kun san bara aka koma tuƙi ta hannun dama. To, direbanmu bai gama amincewa da wannan doka ba. In hanya ta miƙe sai ya lallaɓa ya koma hagunsa na dā, sai fasinjoji sun yi masa ca sannan ya dawo yana cewa, "Na sani, na sani, gwada ku nake." Ni dai salati nake, mata na kiran sunan Ubangiji, kowa da nasa, har muka sauka lafiya.

Daga inda mota ta tsaya tafiyar ƙasa ce, kusan awa biyu cikin dawa da ta fi mu tsawo. A tsakiyar tafiyar akwai rafi, Rifkatu ta ce shi ne iyaka: daga nan mota ba ta wucewa, ɗan sanda ba ya wucewa, Hausa ma da ƙyar take haurawa. An yi ruwa da asuba, rafin ya kawo har cinya. Wasu mata da ke dawowa daga gona suka ce in ba su kayan. Na ba da akwati, amma kwalin takardu na ce sam, ni zan ɗauka. Na ɗora a ka kamar yadda na ga suna yi. Ni da rabona da ɗaukar kaya a ka tun ina talla! Taku biyar na yi, santsi ya kwashe ni, kwali ya yi nasa wuri.

Da na miƙe ina tari, sai na ga abin da har yau in na rufe ido nake gani. Takardun sun watse a kan ruwa suna sakin launinsu. Ja ya miƙe kamar zare, shuɗi ya biyo shi, rawaya ta shiga tsakani, suna haɗuwa suna rabuwa suna gangarawa a hankali ƙarƙashin inuwar gora. Ni kaina na manta asara ce, na tsaya a ruwa ina kallo har ya wuce kwana ya ɓace. Sai wata daga cikinsu ta ce da ni, "Sannu, Malama, ka yi wa rafi kwalliya." Aka fashe da dariya. Haka Hausarsu take, sau da yawa mace da namiji duk "ka" ne da "shi", kwana biyu na daina ma lura. Littafin Baturiya Allah ya taimake ni yana cikin akwati. Almakashi kuwa sai dai kifi su yi aski.

Ƙauyen gidaje ne a warwatse, kowanne da shingen kyarana mai ƙaya, ga aladu na yawo abinsu yadda awaki ke yi a wajenmu. Mata da fartanya a kafaɗa, su gaishe da namiji ido cikin ido, su wuce. A ɗakin Rifkatu na sauka, kusa da na Kaka. Hajara mai tambayar abinci, ga naki: tuwon acca da miyar karkashi, faten acca da yakuwa da safe, kunu da citta mai yaji har kunne. Acca ta fi tuwon dawarmu laushi, ba ta da nauyi, kina tashi kin ji kamar ba ki ci ba, sai ki koma. An miƙo mini burkutu sau ɗaya a wani gida, Rifkatu ta ce wani abu da yarensu, aka janye da ban haƙuri aka kawo kunu.

Kaka 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta rankwafa, kullum cikin riga mai dogon hannu da ta rufe har wuya, ko da rana ta take. Da na durƙusa na gaishe ta sai ta kamo fuskata da hannu biyu ta shafa, goshi, hanci, kumatu, ta ce wani abu. Rifkatu ta ce, "Wai fuskarki sumul, ba a rubuta komai ba." Na lura duk abin da Kaka za ta yi sai ta kira Rifkatu. Ita ke kai ta bayan gida, ita ke yi mata wanka, ita ke sa mata loma a hannu.

To, ga yara talatin da wani abu suna jirana, ga ba takarda. Kwana ɗaya na yi ina zullumi. Rifkatu ce ta nuna mini tarin sakaina a bayan rumbu, fasassun ƙorai da ba mai so. Muka sa yara kowa ya zo da nasa. Kafin ka ce kwabo aji ya cika da sakaina. Yaran nan kuwa gwanayen wuƙa ne, ba ruwansu da almakashi. Na zana musu siffofi uku a allo, mai kusurwa uku da mai kusurwa huɗu da da'ira, na ce su yanka manya da ƙanana. Muka jiƙa jar ƙasa, muka samo farar ƙasa daga bakin rafi, muka daka gawayi da ƙaro. Launi uku ke nan don shafa wa sakainar, ja da fari da baƙi. Hedimasta ya ba mu bangon aji na waje, mai kallon majami'a, ya ce dā ma yana bukatar sabon yaɓe. Shawarar ita ce a yaɓe shi da laka, kowane yaro a ba shi fili kamar faɗin faifai, ya danna sakainarsa tun lakar na ɗanye.

Wahalar ba a yankan take ba. Duk abin da na nuna musu a littafi sai hannuwa su tashi: "Malama, mene ne shi?" In ce ba komai ba ne. Su dubi juna. Wani yaro mai suna Dauda ya ce, "Malama, in ba komai ba ne, don me mutumin ya ɓata fenti?" Da na ce su gwada a ƙasa, wannan ya haɗa gida, wancan ya haɗa kaza, wata ta haɗa ni kaina ina faɗawa rafi.

Ran kwana na huɗu hadari ya haɗo muna aji, gari ya yi duhu da rana tsaka, ruwa ya fara dukan jinka. Ba a jin magana, sai na bar koyarwa. Na ce kowa ya kifa kansa a benci ya rufe ido. Da ruwan ya lafa na ce musu a hankali, "Kada ku tuna gida, kada ku tuna kaza. Ku tuna lokacin da kuka fi jin daɗi a duniya, kuna ƙanana, barci na ɗaukarku, ba abin da kuke tsoro. Ba hotonsa nake so ba. Yadda yake a jikinku nake so." Ajin ya yi shiru, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga bakin jinka. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo. Ni ma na rufe nawa idon, na ga soron gidanmu da zanen da magina suka yi a goshinsa, wanda na wuce ta ƙarƙashinsa shekara ashirin ban taɓa tambayar ko mene ne ba.

Da gari ya washe muka fita, manyan yara suka yaɓa laka, kowa ya tsaya a filinsa. Ba wanda ya ƙara tambayata komai. Suna ta dannawa, shiru, kamar masu tafiya cikin barci. Kwana uku muna yi.

Ranar Asabar na ja da baya na dubi bangon gaba ɗaya. Ban ce su kwaikwayi juna ba, kuma na tabbata ba su yi ba, don wasu suna wannan ƙarshen wasu suna wancan. Amma fiye da rabinsu abu ɗaya suka yi: jeri na masu kusurwa uku suna fuskantar juna baki da baki, layin ƙananan da'ira a tsakani, sai wani jerin ya juya ya gangara. Filin wannan ya shiga na wancan kamar hannu ɗaya ne ya yi. Babu irinsa a littafin Baturiya. Na tambayi wata yarinya, Saratu, ina ta gan shi. Ta ce, "Ban gani ba, Malama. Haka ya zo." Na juya in nuna wa Rifkatu ina murna, sai na ga ta dafe baki, ta yi tsuru-tsuru. Na ce lafiya? Ta ce ba komai, mu je gida.

Ran Lahadi ina zaune a tsakar gida ina jin waƙarsu daga majami'a, muryoyin mata na tashi suna sauka, har na fara lumshe ido. Da aka tashi sujada sai na ji hayaniya. Na fita na tarar da jama'a cirko-cirko a gaban bango. A gaba akwai wani dogon tsoho mai farar riga da littafi a hammata, Baba Ishaya, babban dattijon ikilisiya. Ya dube ni ya ce, "Malama, kai baƙo ne, ba ni da magana da kai." Ya juya ga Rifkatu. "Amma ke 'yar gida ce. Da hannuna na rushe ɗakin dodo a garin nan, ina saurayi, aka yi mini duka saboda shi. Wannan zane shi ne a bangon ɗakin. Yau kin sa 'ya'yanmu sun dawo da shi, yana kallon ƙofar ɗakin Ubangiji?"

Dodo shi ne abin bautarsu na dā, kafin zuwan bishara. Baba Ishaya ya ce dattawa za su zauna ran Laraba da la'asar a rubuta takarda zuwa Kafanchan, bango kuma a kankare.

Ni da bakina ba ya shiru, na ruga na ɗauko littafin Baturiya na buɗe masa. Na ce, "Baba, ka duba, Turawa ma suna yi, ba ya nufin komai." Ya duba shafi biyu, ya mayar mini, ya ce, "Turawa ne suka ce mu bar namu. In su sun koma yi, wannan tsakaninsu da Allah." Na tsaya da littafi a hannu kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi.

Kwana ukun nan ban ji daɗin duniya ba. Garin neman maki a wajen Baturiya na jawo wa ƙawata abin da take tsoro tun farko. Ni zan hau jirgi in koma Zariya, ita za a jefa ta wani gari, Kaka kuma wa zai kama hannunta? Na ce zan je in kankare bangon da kaina in ba da haƙuri. Rifkatu ta ce ko an kankare, an riga an gani. Ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, wannan ya fi komai ci mini rai. Ta ɓoye wa Kaka maganar, amma gidan da mata ke shiga ɗiban wuta ba a ɓoye magana.

Ran Laraba dattawa biyar suka zauna a benci a gindin mangwaro, tsakanin majami'a da bango, da takarda da alƙalami. Mu muna tsaye. Yara sun laɓe a bayan aji, mata sun tsaya nesa kaɗan da fartanyoyinsu. An buɗe da addu'a ke nan sai ga Kaka tafe, ita kaɗai, tana laluben hanya da sanda. Rifkatu ta ce rabonta da fitowa ba jagora ya fi shekara biyu. Ta ruga ta tare ta, tsohuwar ta ce a kai ta bangon.

Ta ajiye sanda ta ɗora tafukanta biyu. Sakainar ta ɗan fito daga laka, ana jin ta a hannu. Ta bi jerin farko da yatsu a hankali, ta bi ƙananan da'irar, ta gangara inda ya juya. Ta matsa filin gaba, ta sake bi. Ta daɗe tana yi. Can sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa, hawaye na bin kumatunta.

Sannan ta juya wa dattawan baya, ta kama rigar nan mai dogon hannu, ta zame ta daga kafaɗa har ƙugu.

Jama'a, zanen ne. Daga wuyanta har tsatso, tsage ne da aka yi da aska tun tana budurwa, ya warke ya taso. Jeri na masu kusurwa uku baki da baki, ɗigo-ɗigo a tsakani, wani jerin ya juya ya gangara. Fatar ta tsufa ta yamutse, amma ko ɗaya bai ɓace ba. Rana ta faɗo a kansa ta cikin ganyen mangwaro. Shi ne abin da Rifkatu ta gane ran Asabar, don ita ke yi mata wanka.

Kaka ta yi magana da yarensu, ba ta ɗaga murya ba, Rifkatu na raɗa mini a kunne. Ta ce, "Ishaya, yaushe mace ta taɓa ganin cikin ɗakin dodo? Ko kusa muka je sai a ci mu tara. In kun zana wannan a can, daga bayanmu kuka sata. Uwata ce ta yi mini, a gindin ɗorawa, tana yi tana hura mini iska. Na tambaye ta mene ne, ta ce ba komai ba ne, kyau ne. Da aka yi mana baftisma aka ce mu rufe, muka rufe, ban yi gardama ba. Amma iyayen yaran nan in za su gona, wa suke bar wa goyo? Mu. A cikin gida wa ke goyo da riga? A nan suka kwantar da kumatunsu suka yi barci, su da iyayensu."

Ta ɗan juyo da kai wajen da take jin numfashinsa. "Kai ma da uwarka ta kwanta ciwo, wa ya goya ka damina guda? Ba ka barci sai ka sa ɗan yatsa a nan, kana bi, kana bi. Ka rushe ɗakin dodo, ka yi daidai. Wannan ba nasa ba ne. In kuma za ka rubuta a ɗauke mini yarinya, ka rubuta har da wanda zai riƙa yi wa bayan nan wanka."

A cikin matan da ke tsaye, tsofaffi biyu suka sa gefen zane suna share ido, ɗaya ta kai hannu ta shafa kafaɗarta ta saman riga. Baba Ishaya ya dubi bayan Kaka, ya dubi bango. Na ga babban yatsansa yana motsi a kan bangon littafin da ke hannunsa, yana bin wani layi da ba ya nan. Sai ya miƙe ya tafi gida, ko addu'ar rufewa ba a yi ba. Sauran suka naɗe takardarsu suka bi shi. Ba wanda ya san ko an fasa ne ko an ɗaga.

Kafin Rifkatu ta mayar mata da rigar, Kaka ta ce da Hausa, "Malama, zo ka taɓa." Na sa hannu ina jin kunya. Da ɗumi, kuma kowane tsage yana da tudu kaɗan, kamar ƙwayar acca a ƙarƙashin fata. Na rufe ido na bi jeri ɗaya har ƙarshe. Wata uku Baturiya na yi mana bayani, ban gane ba sai a wannan tsayuwar.

Yanzu kun ga dalilin da na dawo hannu rabbana. Bango ba ya shiga jirgi. Na faɗa wa Baturiya haka, ta ce in rubuta mata abin da ya faru, ban san makin da za ta ba ni ba, kuma wallahi bai dame ni ba.

Ran Juma'a da sassafe na yi sallama da Kaka, Rifkatu ta ɗauki akwatina za ta raka ni rafi. Har lokacin ba mu ji komai daga dattawa ba, kowaccenmu da abin da ke cinta. Hadari na haɗowa daga gabas. Da muka zo makaranta sai muka hango tsani jingine da bangon, mutum a kai. Na ce shi ke nan, an zo kankarewa. Muka matsa.

Baba Ishaya ne, ya tuɓe farar rigar, ga damin ciyawa a ƙasa. Yana ƙara wa jinka tsawo ta saman bangon, don ruwa in ya zo da iska kada ya taɓa lakar. Na durƙusa na ce, "Ina kwana, Baba." Bai juyo ba, igiya ce a bakinsa. Ya gama ɗaurin, ya cire ta, ya ce, "Lafiya, Malama. Ka sauka lafiya." Sannan ya leƙo ƙasa.

"Rifkatu, in kin raka baƙo ki dawo da wuri ki riƙe mini tsani. Tunda kina nan, ai sai ki yi aiki."